BAƘON SHEKARA: Nasiha Ga Matasanmu Masu Zuwa Aikin Sa-Kai A Jamus

 

Ya ku 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayoyin da matasa suke kawo mini a kan zama a gidan wanda ba Musulmi ba a ƙasashen Turai. Gwamnatin Jamus tana da wani shiri na aikin sa-kai mai suna weltwärts, wanda ta kafa a 2008 domin tura matasanta ƙasashe masu tasowa. Daga 2013 sai aka buɗe ƙofa ta ɗaya ɓangaren, watau matasan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka su ma su je Jamus, galibi na shekara guda, su yi aiki a makarantun renon yara ko gidajen kula da tsofaffi da naƙasassu. Da yawansu a gidan wani iyali ake sauke su, a ba su ɗaki, su ci abinci tebur ɗaya da masu gida. To, a nan ne magana take.

Hadisi ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Abu Shuraihin, cewa haƙƙin liyafar baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Kai kuwa kwana 365 za ka yi. Ashe ke nan daga kwana na huɗu ka tashi daga baƙo, ka zama ɗan gida. Dubi Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) da ya isa Madina. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya sa masa albarka, ya roƙa a nuna masa hanyar kasuwa. Saboda haka ka wanke kwanon da ka ci abinci, ka share ɗakinka, ka koyi yadda suke raba shara, domin a can takarda da kwalba da roba da ragowar abinci kowanne da inda ake zuba shi. Wani saurayi zai ce ai wannan aikin mata ne. Wa ya gaya maka? Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan yi wa iyalinsa hidima a cikin gida. Girman kai ne kurum, aka lulluɓe shi da rigar al'ada.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi ba yaranmu wahala. Mu nan an rene mu da kara. In an yi maka tayi ka ce ka ƙoshi, sai an matsa sau biyu sau uku kana ka sa hannu. Bajamushe bai san wannan ba. In ka ce ka ƙoshi, ya yarda ka ƙoshi, ya ɗauke kwano, ka kwana da yunwa. Ga shi kuma a gidaje da yawa abincin dare burodi ne da cuku da yankakken nama mai sanyi, ba tuwo ba miya. Naman nan kuwa sau da yawa na alade ne, ko an gauraya da shi. Har alewar yara akan sa mata jalatin da aka samo daga alade, wasu miya kuma akan ɗiga musu giya. To, kada kunya ta sa ka haɗiye haram. Tun ranar farko ka zauna da masu gida, ka gaya musu a fili: ba na cin alade, ba na shan giya, ina salla sau biyar. Su mutane ne masu son magana kai tsaye, kwana-kwana ce take ɓata musu rai. Amma yankansu na saniya da rago da kaza, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, sai dai malamai sun yi saɓani a kan yankan mahautan zamani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga kifi ga ƙwai, ga kuma shagunan Turkawa masu sayar da naman halal, domin Musulmin Jamus sun haura miliyan 5.

Akwai kuma wani kuskure da ya yi hannun riga da wannan, kuma wallahi ya fi yawa a cikin masu ƙoƙarin riƙo da addini. Shi ne duk abin da mutum bai saba da shi ba, sai ya ce haramun ne. Manzon Allah (S.A.W.) shi kansa ya zauna baƙo a gidan Abu Ayyuba Al'ansari bayan Hijira a shekarar 622 Miladiyya, wasu masu tarihi suka ce wata bakwai. Muslim ya ruwaito cewa wata rana aka kai masa abinci mai tafarnuwa, ya mayar bai ci ba. Abu Ayyuba ya tambaya ko haramun ne, sai ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, warinta ne dai ba ya so. Ka ji fa! Wanda wahayi yake sauko wa bai jingina wa Shari'a ƙyamar hancinsa ba, sai kai? In cukunsu ya yi maka wari, ka ce bai yi maka ba. Kada ka ƙaga wa Allah hukunci.

Haka maganar kare. Gidaje da yawa a can kare a falo yake kwana. Mun san hadisan da suka hana ajiye shi ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, amma ai ba kai ka ajiye ba. Imamu Malik yana ganin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umarni ne da ake bi don bauta. Imamu Shafi'i shi kuma yana ganin najasa ne. Abin da ya rage gare ka shi ne ka roƙa kada ya shiga ɗakinka, ka ware tufafin salla. Harbin karen mutane da ƙafa kuwa ba ya cikin mazhabar kowa.

A gidan Abu Ayyuba ɗin nan, wata rana tulu ya fashe a bene, shi da matarsa suka tsane ruwan da bargonsu don gudun kada ya ɗiga wa Annabi a ƙasa. Nakan tuna wannan in na ji ƙorafin da ake yi da mu a kan banɗaki. Banɗakinsu busasshe ne, ba a jiƙa daɓensa. Kai kuwa ka shiga da buta, ka yi alwala, ka bar wurin kamar bakin rijiya. Ka nemi tsumma ka goge bayanka. Ruwa da wutar ɗumama ɗaki kuɗi ne mai yawa a wurinsu, almubazzaranci kuwa da ma an hana mu.

Game da salla, wanda ya yi niyyar zaman shekara ba matafiyi ba ne, babu ƙasaru a kansa. A mazhabar Malik niyyar zaman kwana huɗu ma ta yanke ta. Lokuta kuma za su ba ka mamaki. A birnin Balin, cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, ta fito kafin biyar na safe. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi Magariba, watau Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya riskarka a wurin aiki. Ka nemi masallaci mafi kusa ka bi jadawalinsu. Kuma daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne a ƙa'idarsu, haka ma ranar Lahadi. In ka tashi Asuba ko sahur, rage ƙarar agogo, sassauta murya. Annabi ya hana masu karatu ɗaga murya a kan junansu a cikin masallaci ma, balle a kan mai barci da ya ba ka ɗaki.

Abin da ba na so ka yi wasa da shi shi ne keɓewa da matar gida ko 'yarsu baliga. Za su ce maka ai ka zama ɗansu. Ka gode musu, amma wannan magana ba ta mayar da kai muharrami. Zama a falo ƙofa buɗe daban, shiga ɗaki a rufe daban. Ayoyin neman izini na Suratun Nur, ta 27 da ta 58, ka yi aiki da su, su ma ba sa shiga ɗakin ɗansu sai sun ƙwanƙwasa. 'Yan'uwa mata kuwa, tun kafin a tashi a nemi ƙungiyar da ta ɗauki nauyi ta bayyana wane ne da wane ne a gidan, in bai dace ba a nemi canji.

Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, ina ga wanda ya ciyar da kai? Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha wajen shekarar 615 sun zauna shekaru a ƙarƙashin sarki Kirista, kuma Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi bayanin addini ne sa'ad da aka kira su fada aka tambaye su. Kai ma kada ka mai da teburin mutane mumbari. Za su tambaya da kansu, musamman in azumi ya zo suka ga ko ruwa ba ka sha. Ran nan sai ka amsa gwargwadon abin da ka sani, in kuma da hali ka dafa musu shinkafa da miya, ka gayyace su buɗa-baki.