Yalwa a Ƙuntataccen Gida

A unguwannin Kano irin su Kurna da Rimin Kebe da Ɗorayi, inda awon igiya ya yanka filaye ƙanana-ƙanana, tsakar gida ita ce ragowar da aka samu bayan an gama lissafin ɗakuna. A wani gidan ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Nan ake girki, nan ake wanki da shanya, nan jarkokin ruwa suke jere, nan kuma yara suke koyon tafiya. A cikin ganuwa rabon gado ne ya yi wannan aikin: gidan da kaka ya bari da zaure da shigifa da durumi a tsakiya ya koma gida huɗu, kowanne da katangarsa, zauren ya zama shago, durumin kuwa an daɗe da ƙona itacensa.

A irin waɗannan gidaje ne ake samun matar da ta huda gindin tsohon bokitin fenti ta dasa zogale, ta jera gwangwanayen madara a jikin katanga da na'a-na'a da ɗaɗɗoya, ta shafe bango da farar ƙasa. Ba a kuma rasa mai ce mata wahalar banza take yi. Duniya ba matabbata ba ce, gidan da bai ishi mutanensa ba ina ruwansa da ƙawa? Tun da maganar da rigar addini take fitowa, sai a auna ta da ma'aunin addini.

Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba. Hasanul Basari, wanda ya tashi a Madina, ya ba da labarin cewa yana yaro yakan shiga ɗakunan matan Annabi (SAW) a zamanin halifancin Usman, ya miƙa hannu ya taɓa rufinsu. A Hadisin Jibrilu, wanda duk ɗan Islamiyyar da ya karanta Arba'una ya sani, gasar dogayen gine-gine tana cikin alamomin tashin alƙiyama. Abu Dawuda ma ya kawo labarin wani mutumin Madina da ya gina ƙubba mai tsayi, Annabi ya kau da kai daga gare shi, har mutumin ya gane dalili ya je ya rushe ta. Wanda ya tashi da jin waɗannan labarai yana da hujjar ɗari-ɗari da duk wani ado na gida.

Sai dai a lura da abin da nassosin suke suka: tsayi, da gasa, da ginin da aka yi don idon mai wucewa. Bokitin zogale da ke bayan katanga, wanda ba mai ganinsa sai mutanen gida, bai shiga ko ɗaya ba. Muslim ya ruwaito cewa da Annabi ya tsoratar a kan girman kai, wani ya tambaye shi game da mai son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai amsar ta raba abubuwan biyu: son kyau daban, girman kai daban, shi na biyun ƙin gaskiya ne da raina jama'a. Batun shuka kuwa ya fi wannan ƙarfi. Buhari da Muslim sun kawo hadisin Anas da ke nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa sadaka, kuma ba a gindaya sharaɗin faɗin gona ba. Matar da maƙwabciya ta aiko yaro ya tsinko mata ganyen zogale na kwaɗo ta shiga wannan babi, kamar yadda mai garkar eka goma ya shiga.

Akwai wata ruwaya da takan sosa ran mai ƙaramin gida. Ibn Hibban ya kawo daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa yalwataccen gida yana cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace tagari da maƙwabci nagari da abin hawa mai lafiya. To, shi ke nan mai tabarma uku ya rasa rabonsa? Ko kuwa akwai wata yalwar da ba igiyar awo ce take auna ta ba?

Wasu birane sun amsa wannan tambaya da aikin hannu. Tsofaffin gidajen 'yan kasuwa na Kiyoto a Japan siraran fuska ne da su, masu zurfi can ciki, ta yadda ɗakunan tsakiya ba su da taga ta waje. Sai magina suka riƙa barin wani ɗan fili a tsakiya, wani bai wuce murabba'in mita 3 zuwa 4 ba, suka sa masa fitilar dutse guda, da kwamin ruwa na dutse, da 'yan shuke-shuke masu son inuwa. Ba a ma cika taka shi ba, daga ɗaki ake kallonsa. Ta nan haske yake sauka, ta nan iska take zagaya gidan a lokacin zafi. Dabarar tasu ragewa ce: abu biyu ko uku da aka zaɓa da kyau, sauran a bar wa ido ya huta.

Ƙurɗuba, tsohuwar cibiyar Andalus a ƙasar Sifen, ta bi wata hanyar. Can tukwanen furanni ake ratayewa a jikin fararen bangaye tun daga ƙasa har kusa da rufi, ana shayar da na sama da gwangwani ɗaure a kan doguwar sanda. Tun 1921 birnin yake shirya gasar tsakar gida, ana buɗe ƙofofi a watan Mayu kowa ya shiga ya gani, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake karewa. Abin da ya kamata mutumin Kano ko Damagaram ya riƙe shi ne, da yawa daga cikin waɗannan gidaje ba na attajirai ba ne. Asalinsu gidajen haya ne da iyalai talakawa suka zauna ɗaki-ɗaki, rijiya ɗaya, wurin wanki ɗaya. Ƙasa ta yi musu kaɗan, sai suka hau bango.

A nan ƙasar Hausa ma kayan aikin suna nan, sanin wurin da kowanne ya dace ne aikin. Darbejiya ta fi ƙarfin ƙaramar tsakar gida, saiwarta takan ɗaga daɓe ta tsaga bango. Zogale ya fi dacewa, inuwarsa sakayau ce, kuma idan ana datse kansa daidai ƙirjin mutum yakan yi rassa maimakon ya zarce sama. Lalle yana jure datsa yana kuma jure fari, ga ƙamshin furensa da yamma. Soso ko kabewa idan aka ɗora su kan rumfar kara sukan ba da inuwa ba tare da sun ci wurin tabarma ba. Dakali siriri a jikin bango wurin zama ne, kuma ƙarƙashinsa ma'ajiyar jarkoki. Farin bango yana ƙara wa lungu haske. Abin da ya fi cutar da irin wannan fili shi ne malale shi kaf da siminti: a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yakan kai digiri 40, daɓen yana shan rana wuni guda ya yi ta amayar da ita har tsakar dare, da damina kuma duk ruwan da ƙasa za ta shanye sai ya kwarara lungu.

Daga nan maganar take barin ɗanɗano ta koma haƙƙi, domin a gidan birni duk abin da mutum ya yi a filinsa yana taɓa na kusa da shi. Malaman Malikiyya sun yi zurfi a wannan fanni. Ibn al-Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini: tagogi, magudanan ruwa, hayaƙi, bishiyoyi, katangar tarayya. Littattafan mazhabar suna kawo hukuncin Sayyidina Umar a kan tagar bene: a ajiye gado a gindinta, mutum ya hau ya tsaya, idan yana hango cikin gidan maƙwabci sai a toshe ta. Wannan ilimi ya iso nan. Alƙalin Gwandu Idris bin Halid ya tattara irin waɗannan mas'aloli don amfanin alƙalai a ƙarni na 19, kuma a 2006 Besim Hakim da Zubair Ahmed sun wallafa nazari a kan yadda ƙa'idojin suka yi aiki a Arewacin Najeriya, suka kafa misali da birnin Zazzau.

Da wannan ma'auni, shawarar da mujallun ƙawata gida suka fi yayatawa, wato a mayar da saman bene wurin shan iska, tana buƙatar tsayawa a duba. Wanda ya jera kujeru da tukwanen furanni a saman soronsa, daga nan yana kallon inda matan maƙwabcinsa suke daka, yalwar da ya samu daga gidan wani ya yanko ta. Dole katangar saman ta wuce tsayin ido, ko da ta asabari ce. Haka reshen da ya tsallaka sararin maƙwabci, maƙwabcin yana da ikon neman a sare. Haka ruwan ban-ruwa da yake tsattsafowa ta gindin katangar ƙasa har ta fara zaizayewa.

Ruwa shi ne wurin da zargin almubazzaranci yake da gaskiya. A unguwar da ake sayen kowace jarka a hannun 'yan garuwa, wanda ya shimfiɗa ciyawar ado irin ta Ingila yana kwarara mata ruwan rijiyar burtsatse safe da yamma, alhali yaran maƙwabta suna layi da bokitai a ƙofarsa, ba shi da hadisin da zai fake da shi. Amma ƙaramin lambu ba ya buƙatar sabon ruwa. Gida mai mutum shida yana alwala kusan sau talatin a rana, kuma ruwan mai tsarki ne. A yi wurin alwalar a gindin lemun tsami ko rumman, an gama da shayarwa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma haka. Tulun da ba a shafe ba idan aka binne shi har wuya kusa da shuka, aka cika aka rufe bakinsa, yakan tsattsafar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take. Tafkin ado irin na gidajen Dimashƙa kuwa a bar musu, domin a nan ruwan da ya kwanta gidan sauro ne.

Akwai kuma waɗanda maganar ta fi shafa, waɗanda ba a cika tambayarsu ba. Maigida yana da kasuwa da masallaci da majalisa a gindin bishiyar bakin titi. Matar da take kulle, da tsohuwar da ƙafa ta hana fita, da yaron da bai isa makaranta ba, tsakar gida ce kaɗai sararin samaniyarsu. Ranar da aka kira magini ya ƙara ɗaki a wurin, ko aka rufe saman da kwano, daga wajensu aka ɗebe. Sau da yawa larura ce ta gaske: ɗa ya isa aure ba inda za a sa amarya, ko kuɗin hayar shago ne yake ciyar da gidan, kuma babu malamin da zai ce ƙarin ɗaki haramun ne. Sai dai fiƙihun da ya wajabta wa miji matsugunin da ya dace da matarsa, ya kuma hana a cutar da maƙwabci ta taga ɗaya, da wuya a ce ya yi shiru a kan matar da za ta wuni ta kwana a gidan da rana ba ta shiga. Inda ginin zai ɗauka, ɗora ɗakin a sama ya fi cinye filin, ko da yake ya fi tsada, kuma yana zuwa da nasa sharaɗin: tagoginsa su fuskanci cikin gida, na gefen maƙwabta kuma su kasance can sama kusa da rufi, inda iska za ta shiga amma mai tsaye a kan gado ba zai hangi kowa ba.