Cinikin Biri a Sama: Shin Alkawari Yana Tsufa?

A watan Oktoba na 2012, Chris Roberts, wanda ya ƙirƙiro wasan Wing Commander a 1990, ya nemi jama'a su tara masa kuɗi ya gina wani wasan kwamfuta mai suna Star Citizen. Wasan tuƙa jirage ne a sararin samaniya: ka yi fatauci tsakanin taurari, ka yi yaƙi, ka sauka a wata duniya ka taka ƙasarta da ƙafarka. Mutane sun amsa kira. Kafin ƙarshen Nuwamban shekarar an tara sama da dalar Amurka miliyan 6, miliyan 2 da ɗoriya daga ciki ta hanyar Kickstarter. Wa'adin da aka sa shi ne Nuwamba 2014.

Wa'adin ya zo ya wuce, kuɗi kuwa bai tsaya ba: miliyan 100 a 2015, miliyan 500 a 2022, miliyan 800 a 2025. A tsawon shekarun nan wasan bai bar matakin gwaji ba, wanda suke kira alfa. Ana iya shiga a yi wasa, wannan gaskiya ne. Amma an yi maganar rukunin taurari 100, sai a Disamba 2024 aka buɗe na biyu.

Wani zai ce mene ne namu a ciki, mu da ko wutar kunna kwamfuta sai an yi dace? Ai ba sai ka taɓa tuƙa jirgin ba kafin tambayar ta shafe ka. Duk wanda ya taɓa ba da kuɗi a yi masa aiki ya san ta: idan aka yi maka alkawari, lokaci ya ja, aikin ya sāke kama, wasu daga cikin waɗanda aka yi wa alkawarin tare da kai suka ce su sun gamsu, to alkawarin ya cika ke nan?

Masu wasan sun rabu a kan wannan. Akwai waɗanda suke cewa sun ba da dala 45, kuɗin shiga mafi araha, sun kuma yi ɗaruruwan awoyi suna jin daɗi, saboda haka ba sa bin kowa bashi. A ganinsu babu wani kamfanin wasanni da zai yarda ya zuba kuɗi a buri mai girma haka, sai dai jama'a su ɗauki nauyin abinsu, kuma gini mai girma ba ya tashi rana ɗaya. Akwai waɗanda suke cewa yaudara ce tsantsa, ana sayar wa mutane hoton jirgi ne kawai. Suna nuna jirgin Javelin da aka sayar dala 2,500 a 2014 tun ba a gina shi ba, da kunshin jirage mai suna Legatus da aka sa wa dala 27,000 a 2018. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba su cika ɗaga murya ba: sun ba da kuɗi suna samari, yau sun yi aure sun haihu, ba sa fushi, ba sa kuma jira. Abin ya fita ransu ne kawai.

Gardamar tana yawan maƙalewa a kan kalma guda. Kamfanin, Cloud Imperium Games, ya fi kiran abin da mutum ya biya da kalmar Ingilishi pledge, wadda asalin ma'anarta alkawari ko jingina. Duba yadda kalmar ta juya zancen. A bakinta, wanda ya ba da kuɗi shi ne mai alkawari, wanda ya karɓa kuwa an taimaka masa ne. A Hausa muna da sunaye daban-daban ga kuɗin da ya bar hannu: ciniki, bashi, gudummawa, amana, kyauta. Kowanne da hakkin da yake jawowa. Wanda ya kai gudummawar biki ba ya komawa ya ce a nuna masa inda kuɗinsa ya shiga. Wanda ya biya kafinta kuɗin gado kuwa yana da bakin tambaya. Kalmar pledge tana zaune tsakanin biyun, ta ci nan ta ci can: lokacin talla abin kamar kanti yake, kowane jirgi da farashinsa da hotonsa, lokacin da aka nemi a maido kuɗi sai ya koma gudummawa. A 2021 sai da hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta sa kamfanin ya riƙa bayyanawa sarai cewa wasu jiragen da yake talla ba su wanzu a cikin wasan ba tukuna.

Masana harshe sun daɗe da lura cewa alkawari ba labari ba ne da za a ce gaskiya ne ko ƙarya. J. L. Austin, a littafinsa da ya fito a 1962, ya nuna cewa akwai maganganun da faɗarsu ita ce aikata su: da ka ce "na yi alkawari", ka riga ka ɗora wa kanka nauyi. John Searle ya zo a 1969 ya jera sharuɗɗan abin, ciki har da cewa mai alkawari ya kasance da niyyar cikawa. Masu kare Star Citizen nan suke fakewa. Suna cewa Roberts yana da niyya, ga ɗaruruwan ma'aikata a Amurka da Ingila da Jamus suna aiki, ɗan damfara ba ya ɗaukar ma'aikata ya biya su albashi shekara da shekaru. Ni ma na yarda da wannan. Ban ga hujjar kiran abin damfara ba. Sai dai niyya tana wanke mutum daga laifin ƙarya ne kawai, ba ta sauke masa bashin cikawa. Tela mai kyakkyawar niyya da bai gama ɗinkin salla ba sai bayan salla, ba maƙaryaci ba ne, amma yaron nan ya yi salla da tsohuwar riga.

Harshenmu ma ya san bambancin. Muna da "zan zo", muna kuma da "nâ zo". Na farko ya fi ɗaure mai magana. Na biyu yana barin ƙofa a buɗe, kamar yadda muke cewa "mâ gani". Babu laifi mutum ya yi magana da na biyun idan bai da tabbas. Laifin shi ne a karɓi kuɗi da "zan", sannan in an zo tambaya a ce ai da ma "nâ" aka ce. A 2012 an sa wata da shekara. Tsofaffin sharuɗɗan kamfanin ma sun ba da damar neman kuɗi idan aka zarce wa'adi da wasu watanni, sai a 2016 aka sauya su aka ƙuntata ƙofar.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon baya suke da ita ita ce, su ne da kansu suka nemi a faɗaɗa aikin. Duk lokacin da kuɗi ya kai wani mataki, kamfanin yana ƙara sabon buri, har aka kai miliyan 65. An tambayi masu ba da kuɗi ko a ci gaba da hakan, mafi rinjaye suka ce a ci gaba. To, in ji su, sa kai ya fi bauta ciwo, wa za a zarga? Hujjar tana da nauyi, amma akwai rami a cikinta. Alkawari ba dukiyar taro ba ce da rinjaye zai yanke hukunci a kai. An yi shi ne ga kowane mutum a kan kansa, kuma wanda aka yi wa ne kaɗai yake iya yafewa. Idan mutum goma suna bin ka bashi, bakwai suka ce sun ƙara maka lokaci, ukun nan da suka rage suna nan da hakkinsu. Wanda ya ba da kuɗi a 2012 don ƙaramin wasa mai fitowa a 2014, bai zama dole ya karɓi babban wasa marar rana ba don kawai wasu sun fi son haka.

Malaman fiƙihu sun yi tunani a kan irin wannan tun kafin a san kwamfuta. Sun halatta a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, wato cinikin salam, amma da sharaɗin a san siffar kayan, a san yawansa, a san ajalinsa. Hikimar a fili take: wanda ya riga ya biya shi ne mai rauni, ajali ne kaɗai igiyar da ta rage a hannunsa. In an cire ajali, abin ya koma cinikin biri a sama. Akwai kuma wata matsala da ba ta buƙatar mugun nufin kowa. Kamfanin da yake samun miliyoyi duk shekara daga sayar da jiragen wasan da bai ƙare ba, babu abin da yake matsa masa ya ƙare. Mai kammala aiki don ya samu kuɗi da mai samun kuɗi alhali aikin bai kammala ba, ba gudu ɗaya suke yi ba, ko da dukansu mutanen kirki ne.

Wasu wasanni biyu da aka tara wa kuɗi a daidai wannan lokaci suna taimaka wa awo. Elite Dangerous na David Braben ya tara sama da fam miliyan ɗaya da rabi, ya kuma fito a Disamba 2014. Amma ana saura wata guda aka sanar cewa an soke damar yin wasan ba tare da intanet ba, alhali an yi alkawarinta. Mutane sun yi fushi, wasu suka nemi kuɗinsu. Limit Theory kuwa, aikin wani matashi ne mai suna Josh Parnell, ya tara kusan dala 188,000 a 2012. Bayan shekara 6 ya fito ya ce ya gaza, ba zai iya kammalawa ba, daga baya ya saki rubutun manhajar ga duk mai so. Ka ga hanya uku ke nan: wanda ya cika da ragi, wanda ya ce ya kasa, da wanda bai cika ba bai kuma kasa ba. Na farko da na biyu sun saɓa, amma sun bar mutane da abin da za su yanke hukunci a kai, ko su yafe ko su ƙi. Na uku ya hana su wannan damar, domin kullum amsar ita ce aiki na tafiya. Alkawarin da ba za a taɓa iya cewa an saɓa shi ba, wallahi da wuya a kira shi alkawari.

Su ma masu wasan suna da nasu nauyin. Ana yawan cewa wanda ya zuba dubbai dole ya kare abin, don kada ya yarda ya yi asara. Leon Festinger ya yi bayani tun a 1957 kan yadda mutum yake lanƙwasa tunaninsa ya dace da abin da ya riga ya aikata. Amma wuƙar nan baki biyu gare ta: wanda ya shekara goma yana cewa abin zai rushe, shi ma yana da abin karewa. Don haka dalilin da ya sa mutum ya faɗi magana ba ya nuna ko maganar daidai ce. Wanda ya ce yana jin daɗin wasan, a yarda da shi, shi ya san ransa. Inda hakki ya hau kansa shi ne lokacin da ya kira abokinsa ya shigo, musamman da yake kamfanin yana ba da lada ga wanda ya kawo sabon mai biya. A nan ya zama wajibi ya faɗi abin da yake akwai yau, ya ware shi daga abin da ake fata, ya kuma faɗi shekarun da aka yi ana jira.

Matsayina dai shi ne alkawari ba ya tsufa, kuma gamsuwar wani ba ta biyan bashin wani. Mai yiwuwa Star Citizen ya fito wata rana ya ba duniya mamaki, tare da Squadron 42, ɓangaren labari da aka ɗauki irin su Mark Hamill da Gary Oldman suka yi wasa a ciki. In haka ta faru, za a ce an yi babban aiki, kuma za a yi gaskiya. Amma wanda aka ce wa 2014 yana da hakkin a kira abin da sunansa, a ce masa an saɓa, a kuma ba shi zaɓi: ya ci gaba da jira ko a maido masa abinsa. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauka ba shi da ikon cewa ya sauke, sai mai kayan ya ce ya karɓa.