Wanda Ya San Kowa a Cikin Taro

Karatu: Zabura 147:1-6, Markus 8:22-26

Bari in fara da tambaya: yaushe rabonka da ka ɗaga kai ka dubi taurari?

In a Duwala kake zaune, ba zan ga laifinka ba in ka ce ka manta. Garin ruwa ne. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, sai a yi kwana da kwanaki gajimare bai janye ba. In rani ya shigo a Disamba, hazo ya karɓi aiki. Ga fitilun titi, ga na shaguna, ga hayaƙin masu tsire. Mu da muka taso a Garwa, ko Marwa, ko Maraɗi, ko ƙauyukan Kano, mun san dare na ainihi, lokacin da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsofaffi suna nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta. A New Bell akwai yaran da aka haifa suka girma, ba wanda ya taɓa nuna musu.

Akwai wani dattijo a ikkilisiyarmu, tsohon malamin makaranta ne. Yana da madubin hangen nesa, wani bututu mai kama da turmi siriri a kan ƙafafu uku, da madubi mai faɗin santimita 15 a gindinsa. Wani dare cikin watan Janairu aka ɗauke wuta a unguwa duka, sama kuwa ta washe. Sai ya aiko jikansa ya kira ni. Na same shi a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da randar ruwa.

Ya ce, "Ɗana, kashe tocilan ɗin nan, ka zauna."

Na ce, "Baba, ai kallo na zo yi."

Ya ce, "Idonka bai shirya ba tukuna. Sai ya yi minti 20 ko 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai. In ka kunna wuta sau ɗaya, ka koma farko."

Da lokaci ya yi, ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, can sama wajen arewa. Ya ce in ƙirga. Na ƙirga shida. Ya ce in sa ido a madubi. Ɗan'uwana, gani ya kori ji. Inda na ga shida, sai ga taurari barkatai, farare masu shuɗi-shuɗi, har sun fi ƙarfin bakin madubin. Ya gaya mini cewa a shekarar 1610 wani masani ɗan Italiya, Galileo, ya duba wurin nan da ɗan ƙaramin madubinsa, ya zana taurari 36. Yau masana sun san gungun ya ƙunshi taurari fiye da 1,000. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, hasken rana yana iso mu cikin minti 8, amma hasken Kaza da na gani a daren ya yi wajen shekara 440 a hanya.

Ya ce in je in kwanta, in dawo kafin asuba. Na dawo ƙarfe huɗu da rabi, ya riga ya juya madubin kudu. Da ido kawai, abin da ya nuna mini kamar tauraro ɗaya ne dushi-dushi. Sunansa Omega Sentauri. Mutumin Landan ba zai taɓa ganinsa daga gida ba, domin ba ya fito musu, amma mu da ke kusa da tsakiyar duniya, yakan hau mana sama sosai. A madubi na ga dunƙulen hazo kamar curin auduga. Na ce, "Baba, gajimare ne." Ya ce in murɗa wani ɗan maɓalli a hankali har abin ya daidaita, sa'an nan kada in zura masa ido kai tsaye, in ɗan kalli gefensa, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mara ƙarfi. Na yi haka. Sai gefen audugar ya soma rarrabuwa, kamar an watsa gishiri a kan baƙin zane. Kowace ƙwaya rana ce. Masana sun ƙiyasta taurari wajen miliyan 10 ne a wurin, a nisan tafiyar haske ta wajen shekara 17,000. Ina cikin kallo aka kira sallar asuba a masallacin unguwa.

Akwai kuma wani da ya nuna mini tun da farkon dare, wanda madubin nasa bai iya rarrabewa ba. Shi ne Andaromeda. Ba gungu ba ne, babban birnin taurari ne, abin da masana ke kira galaksi, irin wanda ranarmu take ciki. Wani masani Musulmi ɗan Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta labarinsa wajen shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. Shekaru ɗaruruwa haka aka ɗauke shi. Sai a 1923 Edwin Hubble, a Amurka, da madubi mai faɗin mita biyu da rabi, ya iya ware tauraro guda a cikinsa wanda ya auna nisa da shi, aka gane cewa yana can waje da birnin namu. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara miliyan biyu da rabi. Taurarinsa, bisa ga ƙiyasi, sun kai miliyan sau miliyan. A tsakar gidan Baba kuwa, tabo ne kawai, kamar an shafa alli a bango da yatsa.

Me ya sa nake ba ka wannan labari?

Domin na san yadda New Bell take ga wanda ya hango ta daga nesa. Tun farkonta unguwar waɗanda aka ture gefe ce. A 1914 Jamusawa suka tashi mutanen Duwala na gidan Bell daga filayensu na bakin kogin Wuri, suka mayar da su baya, aka kira wurin New Bell. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya ƙi yarda da ƙwacen, an rataye shi a watan Agusta na shekarar. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, da Bamileke, da Basa, da wasu da yawa. Har yau mai wucewa a mota ta wajen babbar kasuwa ko kasuwar Kongo, taro kawai yake gani. Yakan ce "Hausawan nan," ko "'yan arewan nan," ko "'yan bensikin nan." Hazo yake gani, bai ga mutum ko ɗaya ba.

Wataƙila kai ma ka soma ganin kanka haka. Ka baro gida shekara biyar ko goma da suka wuce da niyyar ka tara ɗan jari ka koma. Kana tura amalanke, ko kana gasa nama, ko kana haya da babur ɗin wani. Ana kiranka "kai," ana kiranka "mai nama," an daɗe ba wanda ya kira ka da sunan da mahaifiyarka take kiranka. Ko ke 'yar'uwata, aure ya kawo ki, ruwa yana shiga ɗaki kowace damina, danginki suna nisan kwana biyu a mota da jirgin ƙasa. In kuwa kai Bahaushe ne mai bin Almasihu, kaɗaicin yakan ninka: a unguwa ana ganinka dabam, a sujada kuma ana wa'azi da harshen da ba shi ka sha a nono ba. Sai zuciya ta fara raɗa maka cewa a garin da ya fi mutum miliyan 3, in ka ɓace yau, ba wanda zai lura. Daga nan kuma ta ce, ko Allah ma bai lura ba. Wannan raɗa tana da haɗari. Ita ce take kai mutum ga barin addu'a, ga shaye-shaye, ga cewa ai ba wanda ya san ni a nan, bari in yi abin da na ga dama.

Buɗe Zabura 147, ka lura da jerin ayoyin. Aya ta 2 tana magana a kan Allah mai tattaro mutanensa da aka warwatsa a ƙasashen baƙi. Aya ta 3 tana magana a kan yadda yake jinyar masu karayar zuciya. Sai aya ta 4 ta juya sama, ta ce adadin taurari yana wurinsa, kowanne kuma da sunan da ya ba shi. Me ya haɗa baƙo, da mai ciwon zuciya, da tauraro? Dukansu a idon mutum taro ne. A idon Allah ba haka ba ne. Haka kuma a Ishaya 40:26-27, mutanen da suke gunaguni cewa Ubangiji bai kula da halin da suke ciki ba, amsar da aka ba su ita ce su ɗaga ido su dubi rundunar sama, wadda ko ɗaya ba ya ɓace masa.

Madubin Baba ya rarrabe Kaza, ya ɗan rarrabe Omega Sentauri, ya kāsa a kan Andaromeda. Manyan madubai na masana su ma suna da iyaka. Allah ba shi da wannan iyaka. Ba ya bukatar a ɗauke wuta, ba ya jiran gajimare ya janye. Babu wani lungu a New Bell da yake masa dushi-dushi. Kuma bai tsaya yana hange daga nesa ba. A cikin Yesu Almasihu ya sauko cikin taron. Ka tuna a Yariko, cikin cunkoso, ya tsaya a gindin itace ya kira Zakka da sunansa. Ka tuna macen nan mai zubar jini, jama'a suna matsa shi ta kowane gefe, amma ya san hannu ɗaya ya taɓa shi dabam. Da ya hau gicciye, ba don hazon mutane ya mutu ba. Dominka ne, da sunanka, da zunubanka waɗanda ya sani ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu dubi karatunmu na biyu. An kawo wa Yesu makaho a Betsaida. Ya kama hannunsa ya fitar da shi bayan gari. Da ya taɓa shi sau ɗaya, mutumin ya fara gani, amma mutane sun yi masa kama da itatuwa masu tafiya. Sai da ya sāke taɓa shi kafin ya ga kowa sarai. Da yawa daga cikinmu muna tsakanin taɓawa ta farko da ta biyu. Mun karɓi ceto, amma har yanzu maƙwabta taro ne a gare mu. Muna cewa "Bamileken nan," "Musulmin nan," "'yan Bamendan nan," daidai yadda ake ce mana. Wanda ya gane cewa Allah ya san sunansa, ba shi da hujjar ƙin sanin sunan maƙwabcinsa.

Ga abu uku da na koya a tsakar gidan nan.

Na fari, kashe taka fitila. Muddin waya tana haska fuskarka, taurari ba za su fito maka ba. Keɓe wani lokaci kowace rana, ko da minti 15 ne kafin ka fita nema, ka ajiye waya, ka yi shiru a gaban Ubangiji da Maganarsa.

Na biyu, yi haƙuri cikin duhu. Wanda ya fito minti biyu ya ce ba kome a sama, bai yi ƙarya da gangan ba, gaggawa ya yi. Taurarin suna nan tun da rana, suna nan a bayan gajimaren Agusta. In kana cikin duhun rashin aiki ko rashin lafiya, kada ka yanke hukunci a kan Allah tun idonka bai buɗe ba.

Na uku, dubi gefe. Sau da yawa muna zura ido a kan abu ɗaya da muka roƙa, ba mu ga kome ba, alhali alherin Allah yana gefe: maƙwabciyar da ta kawo kunu ranar da kake kwance, abokin da ya ranta maka kuɗin haya bai bi ka ba.

In an ɗauke wuta wani dare cikin Disamba ko Janairu, sama kuma ta washe, kada ka tsaya gunaguni. Fito da yara waje wajen ƙarfe tara. Nemi taurari uku da suke jere, sa'an nan ka bi layinsu zuwa arewa maso yamma, za ka wuce wani jan tauraro, ka iske Kaza da 'Ya'yanta. Ko tabaron hangen nesa na hannu ka samu aro, ya isa ya nuna muku ninkin abin da ido yake gani. Bari yaran su ƙirga, sa'an nan ka karanta musu Zabura 147.

Abin yi a wannan mako: akwai wanda kake gani kullum, mai kawo ruwa, ko mai gadi, ko wanda yake ɗaukarka a babur, amma ba ka san sunansa ba. Tambaye shi. Gaishe shi da sunan, ka kuma ambace shi cikin addu'arka.

Addu'a: Ya Uba na Sama, Mahaliccin taurari, na gode domin ban ɓace maka a cikin taro ba. Ka gafarta mini lokutan da na ce ka manta da ni. Ka sāke taɓa idanuna, domin in ga maƙwabtana yadda kake ganinsu. Ka tuna da baƙi duka a New Bell da sauran unguwannin Duwala, da iyalansu da suke nesa. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.