Nasarar Mai Gudu, Ta Wa Ce?

Idan aka yi gasar guje-guje tsakanin makarantu, yaro ɗaya ya tsere wa sauran, sai ka ji makarantarsu duka ta ɗauki sowa, kowa na cewa, "Mun ci! Mun ci!" Hedimasta ya faɗa, mai dafa abinci ya faɗa, har yaron da targaɗe ya kwantar bai ko iya taka ƙasa ba, shi ma ya faɗa. To, abin tambaya a nan, su wane ne "mu" ɗin nan? Ƙafafu biyu ne suka yi gudun, ƙirji ɗaya ne ya yi haki. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne kuwa, amma a tseren yadi ɗari ba mai kama maka ko da gefe. Da an harba bindiga, daga kai sai ƙafarka. Shin jama'a suna da haƙƙi cikin nasarar da mutum ɗaya ya ciwo da guminsa, ko kuwa cin bulus ne kawai?

Maganar ba ta amsuwa da ka. Gara mu ɗauki labarin mutum guda mu auna ta da shi. Wanda na zaɓa shi ne Jesse Owens, mutumin Amurka, domin ba a cika samun ɗan makarantar da ya yi gudu irin nasa ba.

An haife shi ran 12 ga Satumba, 1913, a wani ƙauye wai shi Oakville cikin jihar Alabama. Baƙar fata ne, jikan bayi, shi ne auta cikin 'ya'ya goma. Ubansa manomi ne marar gonar kansa, yana noman auduga a gonar wani, in kaka ta yi a raba amfani da mai gona. Yaron na da kamar shekara tara suka yi ƙaura zuwa birnin Cleveland cikin jihar Ohio, can arewa, neman aikin masana'anta. Sunansa na yanka James Cleveland, a gida a kan taƙaita a ce J.C. Da malamar aji ta tambaye shi suna, ya faɗa da harshen mutanen kudu, sai ta ji kamar ya ce Jesse, ta rubuta haka. Sunan ya bi shi har kabari.

A makarantar Fairmount ya gamu da wani malamin wasanni Bature, Charles Riley. Malamin ya ga yadda yaron ke ɗaga ƙafa, ya ce ya riƙa zuwa horo. Amma ga cikas: in an tashi makaranta yaron ba shi da sukuni, sai ya tafi neman abin taimakon gida, ko kai wa mutane cefane, ko lodin kaya a taragon jirgin ƙasa, ko aiki a rumfar gyaran takalma. Wani malamin da ya ce to, ba rabo, ya nemi wani yaro. Riley sai ya sake lokaci, ya riƙa yin sammako yana horar da shi kafin a shiga aji. Ya kan kawo masa abin karin kumallo, ya kan kai shi gidansa su ci abinci tare da iyalinsa, a zamanin da a wurare da yawa na ƙasar nan fari da baƙi ba su zama teburi ɗaya. Har filin sukuwa ya kan kai shi, don ya dubi yadda doki ke gudu, fuska a sake, ba waige, ba ɓata ƙarfi a banza. Ku riƙe maganar dokin nan, za mu komo kanta.

Cikin 1930 ya shiga babbar makarantar koyon sana'a ta East Technical, Riley kuwa bai sake shi ba. A nan ya sami aboki, Dave Albritton, gwanin tsallen sama, shi ma haifaffen Alabama. Cikin watan Yuni na 1933 aka tara 'yan makarantun ƙasar a birnin Shikago don gasa. Owens, yana da shekara 19, ya yi yadi 100 cikin sakan 9.4. Don mai karatu ya gane, sakan sittin ne minti ɗaya, watau kafin ka ƙidaya goma a hankali ya riga ya kai. A lokacin nan ba a taɓa samun wani mutum a duniya, babba ko yaro, da ya fi haka ba. Ya kuma ci tseren yadi 220 cikin sakan 20.7, ya ci dogon tsalle da ƙafa 24 da inci 9 da ɗoriya.

Ga yadda a ke lissafi a irin gasar nan. Kowane wasa, wanda ya zo na ɗaya a ba makarantarsa maki mafi yawa, na biyu a rage, na uku a ƙara ragewa. In an gama a haɗa, makarantar da ta fi maki ita ke ɗaukar kofi. A ran nan East Technical ce ta ɗauka. Da suka komo gida, birnin Cleveland ya fito ya tarye su, aka zaga gari da Owens cikin mota ana tafi. A lokacin kuwa ana cikin matsin tattalin arziki da ya faɗa wa Amurka tun 1929, ubansa na zaune ba aikin kirki.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu. Wani zai ce, "Ai magana ta ƙare. Cire yaron nan, ka ga ko makarantar za ta ga kofi. Nasara tasa ce shi kaɗai, sauran 'yan rakiya ne." Wannan magana tana da ƙarfi, amma akwai abin da ke karya ta. Ran 25 ga Mayu, 1935, Owens yana jami'ar jihar Ohio, aka yi gasar jami'o'i a garin Ann Arbor. Cikin minti 45, yana fama da ciwon baya, ya ci wasa huɗu. A uku ya wuce duk abin da aka taɓa yi a duniya, a na huɗu ya yi daidai da shi. Tsallen da ya yi ran nan, ƙafa 26 da inci 8 da kwata, sai da ya shekara 25 ba wanda ya wuce shi. Amma duk da haka jami'arsa ba ta ɗauki kofi ba, jami'ar Michigan ce ta ɗauka, domin ta fi yawan masu zuwa na biyu da na uku da na huɗu. Ashe kofin Shikago ma ba ƙafa biyu kaɗai suka ɗauko shi ba. Yaron da ya zo na huɗu, wanda ba a buga hotonsa a jarida ba, makinsa na cikin jimla.

Wani kuma zai juya ya ce, "In haka ne, nasara ta kowa ce, kada yaro ya ɗaga kai." Wannan ma ban yarda da ita duka ba, don kalmar "kowa" buhu ce mai faɗi, tana ɗaukar hatsi da tsakuwa. A ganina ma'aunin shi ne wannan: rabon mutum cikin nasarar wani gwargwadon abin da ya bayar ne tun ba a san za a yi nasara ba. A wurin gayya, wanda ya riƙe fartanya tun safe shi ke da ikon cewa "mun nome gonar." Wanda ya iso lokacin da a ke sauke tuwo ba za a hana shi ci ba, amma baƙo ne. In aka auna da wannan, Riley yana da babban rabo, domin ya ba da barcinsa na asuba shekara da shekaru ga ɗan talakan da ba wanda ya san shi. Albritton da sauran abokan horo suna da rabo. Uwar da ta yi wankau da aikatau a gidajen mutane don gida ya tsaya tana da rabo. Har abokan hamayya ina ba su nasu, don ba mai gudu iyakar ƙarfinsa in ba ya jin numfashin wani a bayansa.

Ban ce masu tafi su daina tafi ba. Murna da alherin wani hali ne mai kyau, garin da ba ya murna da ɗansa ya lalace. Abin da na ke cewa, duk wanda ya ce "mun ci" ya ci bashi. Ya shigar da kansa cikin riba, tilas kuwa ya shiga cikin ɗawainiya. A nan ne labarin Owens ya ke da ɗaci.

Jami'o'i da yawa sun neme shi bayan gasar Shikago. Wadda ya zaɓa ba ta ɗauke masa kuɗin karatu ba, sai aka sama masa aikin tuƙa na'urar hawa bene a ginin gwamnatin jihar. Ba a yarda ya kwana a ɗakunan kwanan jami'ar ba saboda launin fatarsa. In an tafi gasa wani gari, sau da yawa abokansa farare su shiga gidan abinci, shi da sauran baƙaƙe su ci nasu a wani wuri dabam. A fili "namu" ne, a wajen fili kuwa an san inda aka ajiye shi. Karatunsa ma ya yi rauni, har a ƙarshen 1935 aka dakatar da shi daga gasa na 'yan watanni saboda faɗuwa jarrabawa, daga baya ya bar jami'ar ba takardar shaida. Digirin girmamawa suka ba shi cikin 1972. Ni dai ina ganin makarantar da ta san sakan nawa yaro ke yi a yadi ɗari, ya kamata ta fi kowa sanin inda karatunsa ya tsaya, tun yana ƙarami.

Cikin 1936 ya tafi wasannin Olamfik a Berlin, ƙasar Jamus, zamanin Hitler, ya ciwo wa Amurka lambar zinariya huɗu. Da aka gama, hukumar wasannin ƙasarsu ta ɗebi 'yan wasa tana yawo da su biranen Turai suna gudu ana karɓar kuɗin ƙofa, su kuwa ba a biyansu. Owens ya gaji, ya ƙi zuwa ƙasar Suwidin, ya hau jirgin ruwa ya koma gida. Nan da nan aka hana shi shiga gasa. Yana da shekara 22, ƙarfinsa na kan ganiya, shi ke nan. Shugaban ƙasar na lokacin, Roosevelt, bai kira shi ba, bai ko buga masa wayar barka ba. Kafin shekarar ta ƙare, ga gwanin duniya a birnin Habana na ƙasar Kuba yana tsere da doki don ya sami abin ciyar da iyali. Dabbar da malaminsa ya kai shi ya koyi gudu a wurinta, ita ce aka jera shi da ita mutane na kallo.

Don a yi adalci, shi ma da nasa lissafin. An yi ta yi masa alkawarin kuɗi masu yawa in ya komo da wuri, ya gaskata, akasarin alkawaran kuwa suka bi iska. Hukumar kuma tana da dokarta, cewa mai karɓar kuɗi ba ya shiga gasarta. Amma dokar da ta halatta wa hukuma kuɗin ƙofa, ta haramta wa mai gudun ko anini, wanda ya rubuta ta ya san gefen da ya ke zaune.

Akwai wani abu kuma da ya faru a Berlin wanda ya fi damuna, don shi ya nuna yadda a kan fake da sunan jama'a a cuci mutum. Lambarsa ta huɗu a tseren miƙa sanda ya same ta, inda mutum huɗu ke gudu bi da bi, kowa ya yi mita 100 ya miƙa wa na gaba. Asali ba ya ciki. Samari biyu aka shirya, Marty Glickman da Sam Stoller, dukansu Yahudawa. Stoller ɗin nan ɗan jihar Ohio ne, tun suna 'yan makaranta ya ke tsere da Owens, kusan kullum shi ke bin bayansa. Ranar da za a fara tseren, da safe, shugabanni suka cire su biyun, suka sa Owens da Ralph Metcalfe, suka ce wai don kada Jamusawa su ci. Glickman ya ba da labari cewa Owens ya roƙa a bar yaran su yi gudunsu, tun da shi ya riga ya sami uku, aka ce masa ya yi abin da aka umarce shi. Amurka ta ci cikin sakan 39.8, ta ba Italiya, wadda ta zo ta biyu, ratar fiye da sakan ɗaya. A tsere irin wannan rata ce mai yawa, wadda ke nuna da an bar yaran ma da wuya a faɗi. Glickman ya mutu yana cewa don su Yahudawa ne aka cire su, kada a ɓata wa masu gida rai. Shugabannin sun musa. Ko wanne ne gaskiya, samari biyu sun ƙetare teku, sun koma gida ba su taka fili ba, aka kuwa ce "mun ci." Wannan "mu" ɗin ban san yadda Stoller ya ji ta a kunnensa ba.

Owens ya rasu ran 31 ga Maris, 1980, bayan ƙasarsa ta waiwaye shi da lambar girma cikin 1976. Amma akwai wani bashi da shi ya biya tun da wuri. Ranar da aka zaga Cleveland da shi bayan Berlin, cikin masu kallo a bakin titi akwai wani siririn yaro ɗan shekara 13, Harrison Dillard. Yaron ya shiga East Technical, makarantar Owens, Owens kuwa ya ba shi takalman gudu. Yaƙin duniya na biyu ya hana a yi Olamfik cikin 1940 da 1944, shi Dillard ma sai da ya yi soja. Da aka sake yi a Landan cikin 1948, shi ya ci tseren mita 100, wanda Owens ya ci a Berlin shekara 12 kafin nan. Watau sau biyu a jere lambar ta tafi hannun ɗan makaranta guda, cikin birni guda. Cikin 1952 Dillard ya je Helsinki ya ci tseren tsallake shinge, ya cika zinariya huɗu kamar na wanda ya ba shi takalma.