Shukar Tukunya da Nauyin da Take Ɗora wa Mai Ita

A biranen da gidajen haya da benaye suka cinye tsakar gida, inda a da ake samun zogale da lalle da gwanda a bakin makwararar ruwa, shuka ta koma cikin tukunya, ana ajiye ta a baranda ko a kusurwar falo, kuma masu sayar da ita a bakin titi sukan tabbatar wa mai saye cewa tana tace iska, tana kuma kwantar da hankali. Abin tambaya shi ne daga ina amfanin yake fitowa, daga abin da shukar ke yi wa mutum ne, ko kuwa daga abin da take sa mutum ya yi mata.

Maganar tace iska ta samo asali daga binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989 ƙarƙashin jagorancin Bill Wolverton, inda aka sanya shuke-shuke cikin akwatunan da aka toshe ruf, aka cusa musu sinadarai irin waɗanda ke tashi daga fenti da gam da katakon kayan ɗaki, sannan aka ga yawan sinadaran ya ragu. Sai dai ɗakin da mutane ke kwana a ciki yana da ƙofa da taga da iskar da ke shiga tana fita, shi ya sa a 2019, da Bryan Cummings da Michael Waring na Jami'ar Drexel suka sake auna sakamakon gwaje-gwajen shekaru da dama, suka nuna cewa sai an tara shuka tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin a kamo aikin da sauyin iska na yau da kullum ke yi a cikin gini. Ke nan wanda ya sayi tukunya biyu domin huhunsa, da ya buɗe taga da ya fi.

Hujjar da ta shafi hankali ta fi wannan ƙarfi. A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania, ya gano cewa waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga waɗanda ke kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. Wannan aikin ido ne kaɗai. Gwajin da ya fi dacewa da tambayar shi ne wanda Ellen Langer da Judith Rodin suka wallafa a 1976, wanda suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut. An raba wa tsofaffin hawa biyu na ginin shuke-shuke, aka gaya wa na hawa ɗaya cewa ma'aikatan jinya ne za su riƙa ba da ruwa, su kuwa na ɗaya hawan aka bar su suka zaɓi shukar da suke so, aka ɗora musu kula da ita, haɗe da 'yancin yanke wasu ƙananan shawarwari kamar daren da za su kalli fim. Bayan makonni uku rukuni na biyu ya fi kuzari da walwala, bayan watanni 18 kuwa kashi 15 cikin ɗari ne suka rasu a cikinsu, alhali a ɗaya rukunin kashi 30 ne. Adadin mutanen bai kai ɗari ba, kuma ba shuka ce kaɗai ta bambanta rukunan ba, don haka bai kamata a ɗora wa alƙaluman mutuwar nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. Abin da ya tsaya daram shi ne kowane ɗaki yana da ganye kore, abin da ya bambanta shi ne hannun da ke riƙe da butar ban ruwa.

Masana falsafar Musulunci sun riga sun tanadi harshen da za a fahimci wannan da shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi Aristotle wajen cewa tsiro yana da nafsi nabatiyya, wato matakin farko na rai, wanda aikinsa ci da girma da haihuwa, kuma wannan mataki yana nan a cikin dabba da ɗan Adam, an dai ɗora musu ji da motsi da hankali a kansa. Bisa wannan, mai ban ruwa yana hidima ne ga abin da suka yi tarayya da shi a asalin rai. Ibn Tufail na Andalus, wanda ya rasu a Marrakesh a 1185, ya kai maganar gaba a ƙissarsa ta Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, wanda da ya kai ga sanin Mahalicci ta hanyar tunani, sai ya wajabta wa kansa cewa duk tsiron da ya ga an tare masa rana, ko wani tsiro ya shaƙe shi, ko ƙishirwa na neman kashe shi, zai kawar masa da cutar. Marubucin ya lissafa wannan cikin matakan tarbiyyar rai, kafin a kai ga kaɗaita da zurfin tunani.

A nan wata matsala take ɓullowa. Hadisin Anas bin Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya rataya ladar shuka ga abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare ta, alhali furen falo ba ya ciyar da kowa, sannan a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, mai tsantseni zai iya ganin shayar da shi a matsayin almubazzaranci. Amma akwai wani hadisin, a Musnadin Imam Ahmad, da ya umarci wanda tashin alƙiyama ya riska da dashen dabino a hannu da ya dasa shi idan ya samu iko, kuma babu mai rai da zai ci 'ya'yan wannan dabino, abin da ke nuna cewa aikin dasawa yana da ƙimar da ba ta jiran girbi.

Nauyin kuma yana da ɓangaren da ba a cika faɗa ba, domin ruwan da ya kwanta a farantin ƙarƙashin tukunya wurin haihuwa ne ga sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin denge, kuma shukar ado mai faɗin ganye da ake kira difenbakiya tana kumbura baki da maƙogwaron yaron da ya tauna ta. Game da ruwa kuwa, matan gida da yawa sun daɗe da warware rikicin ba tare da muhawara ba, sukan dasa daɗɗoya ko na'ana'a a tsohon bokitin fenti da aka huda wa gindi, su ajiye shi daidai inda ake alwala, ruwan da ya zuba daga gwiwar hannu sau biyar a yini ya ishe shi, ganyen kuma ya ƙare a miya ko a shayi.