INA GAJERE ZAI ZAUNA?

Karatu: Littafin Lissafi 13:25-33, Joshua 14:6-15



Kwanan baya wani saurayi mai bi ya tsaya bayan sujada har mutane suka watse, sa'an nan ya ce yana neman shawara. Allah ya buɗe masa ƙofa biyu ta ƙarin karatu, ɗaya a ƙasar Holan, ɗaya a Indonesiya. Ta Holan ita ce ta dace da aikin da ya ke so ya koya, wato aikin ruwa da noman rani, amma zuciyarsa ta karkata ga ɗayar. Da na tambayi dalili sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka dube ni. Tsawona ƙafa 5 ne da inci 3. Tun ina makaranta a ke kirana Guntu. Na nemi aure, yarinyar ta ce ba ta iya jerawa da ni a gaban mutane. An ce mutanen Holan sun fi kowa tsawo. Gara in tafi inda zan ɓace cikin jama'a."

Ban yi dariya ba, kada ku ma ku yi. Ciwon da ba'a ta ke sa wa mutum ba ya fid da jini, amma yakan daɗe bai warke ba. Da yardarsa na rubuta wannan, gama na sani ba shi kaɗai ba ne.

Abin da aka faɗa masa gaskiya ne. Wani babban bincike da masana suka buga a 2016 ya nuna mazan Holan su ne mafiya tsawo a duniya, matsakaicinsu kusan santimita 183, wato ƙafa 6. Mazan Timor ta Gabas, maƙwabciyar Indonesiya, su ne mafiya gajarta, wajen santimita 160. A Afirka ma haka ya ke: Dinkawan Sudan ta Kudu an san su da tsawo, Mbuti na kurmin Kwango kuwa yawancinsu ba su kai ƙafa 5 ba. Saurayin nan zai zama tsaka-tsaki a wani gari, a wani garin kuwa sai ya ɗaga kai kafin ya gai da mutum. Tambayar ita ce, ko daidai ne mai bi ya zaɓi mazauninsa da wannan ma'auni? Bari mu duba Littafi Mai Tsarki.

Na fari: mutum goma da suka ga kansu kamar fara

Musa ya aiki mutum 12 su leƙi asirin ƙasar Kan'ana. Suka yi kwana 40, suka komo da nonon inabi wanda sai da mutum biyu suka ɗauka a sanda. Dukansu sun yarda ƙasar tana da kyau. Amma goma daga cikinsu sun ga 'ya'yan Anak, mutane dogaye ƙwarai, sai gabansu ya faɗi. Suka gaya wa jama'a sun ga kansu kamar fara, suka ƙara da cewa haka mutanen ƙasar ma suka gan su.

Ku lura da wannan. Wa ya gaya musu yadda Anakawa suka gan su? Masu leƙen asiri ne, ba su tsaya sun tambayi kowa ba. Abin da ke cikin zuciyarsu shi suka ɗora wa idon wasu. Bayan shekara 40 Rahab ta Yariko ta bayyana wa waɗansu masu leƙen asiri biyu cewa tsoron Isra'ila ya riga ya kama mutanen ƙasar tun da suka ji labarin Jan Teku (Joshua 2:9-11). Ashe waɗanda a ke tsoro su ma suna rawar jiki. Saboda rahoton mutum goman nan jama'a suka yi shawarar naɗa shugaba su koma Masar, wurin bauta, tsara guda kuma ta ƙare a jeji.

Ɗan'uwana, kai da ka ke cewa kowa yana kallonka, ka tabbata? Yawancin mutanen da ka ke wucewa a kasuwa suna tunanin bashinsu da cefanensu ne. Masu ba'a suna nan, ban musa ba. Amma suna kowace ƙasa, in ba su sami tsawonka ba za su sami harshenka ko launin fatarka. Kada ka gudu daga gara ka faɗa wa zago.

Na biyu: tsoho wanda ya zaɓi garin dogaye

Kaleb yana da shekara 40 sa'ad da ya tafi leƙen asirin nan. Da aka zo rabon ƙasa yana da 85. Ya zo wurin Joshua a Gilgal domin ya karɓi gādonsa. Da ya so, da ya nemi kwari mai dausayi inda ba mai tsorata shi, ba kuwa wanda zai ga laifin tsoho. Amma ya roƙi ƙasar tuddai, wurin nan da Anakawa su ke zaune cikin birane masu garu, yana dogara ga alkawarin Ubangiji. Aka ba shi Hebron, wadda dā a ke kira Kiriyat-arba da sunan babban mutum na Anakawa. Ya kori 'ya'yan Anak uku daga can, ya zauna (Joshua 15:14).

Ba a gaya mana tsawon Kaleb ba. Abin da aka maimaita a kansa shi ne ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya. Idonsa ya ga abin da goman nan suka gani, amma su sun gwada Anakawa da kansu, shi kuwa ya gwada Anakawa da Allah.

Kada kuma wani ya zaci tsawo yana korar tsoro. Sarki Saul ya fi dukan jama'arsa tsawo daga kafaɗa zuwa sama, duk da haka ran da za a naɗa shi aka same shi a ɓoye cikin kaya, da Goliyat ya fito kuma ya firgita tare da rundunarsa har kwana 40. Gaba da gabanta. Wanda ya dogara ga tsawonsa, wata rana zai gamu da wanda ya fi shi. Domin wannan Ubangiji ya hana Samu'ila ya dubi tsawon Eliyab, gama zuciya ya ke dubawa (1 Samu'ila 16:7).

Na uku: da me za mu zaɓi mazauni?

Ƙaura ba zunubi ba ce. Ibrahim ya yi ƙaura, Yusufu ma ya kai Maryamu da Yaron Masar. Amma Lutu ya zaɓa da ganin ido kaɗai, ya ga kwarin Urdun kore shar, bai tambayi halin mutanen Saduma ba, ƙarshensa kuwa kogon dutse ne. Saboda haka ga tambaya uku da na ba saurayin nan. A ina zan sami ekklesiya da 'yan'uwa masu taimakona cikin bangaskiya? A ina zan koyi aikin da zan ci da iyalina da halal, in kuma amfani jama'ata? Wannan niyya daga addu'a ta fito, ko daga tsoro? In amsoshin sun nuna Indonesiya, ya tafi da albarka. In sun nuna Holan, kada inci 9 su tare masa hanya.

Ku tuna da Zakka. Gajere ne, taro ya rufe masa gani, bai kuwa bar Yariko ba. Ya sheƙa gaba, ya hau itace, shi babban mai karɓar haraji, bai damu da masu dariya ba. Cikin dukan taron nan shi Yesu ya kira da suna, a gidansa kuma ya sauka.

Kalma ga ekklesiya

Mu ma muna da laifi. Laƙabin da mu ke liƙa wa yara a harabar majami'a yakan bi su har furfura. Iyaye sukan raina mai neman aure saboda ƙirarsa kafin su bincika halinsa. Gajeru kuma sukan rama da cewa dogo da hankali dace ne, wannan ma raini ne ga halittar Allah. Mu tuba, mu daina.

In tsawo zai dame mu, bari na yara ya dame mu. Yawancin tsawon mutum gado ne daga iyaye, amma abinci da lafiya suna da rabonsu. Mutanen Holan ɗin nan, shekara 150 da suka wuce, suna cikin gajerun Turai. Da abinci ya wadata, cututtukan yara suka ragu, sai suka ƙaru da kusan santimita 20. A Nijeriya kuwa binciken lafiya na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, abin ya fi tsanani a arewa. Babba ba ya iya ƙara wa tsawonsa kome ta wurin damuwa, kamar yadda Ubangijinmu ya koyar (Matta 6:27), amma nono da ƙwai da wake da ruwa mai tsabta suna iya taimakon jariri. Nan ne wurin aikinmu.

Saurayin nan bai yanke shawara ba tukuna. Ku sa shi cikin addu'a.

Ya Ubangiji, kai da ka sifanta mu tun muna ciki, ka kuma sanya wa kowace al'umma iyakar mazauninta, ka ba mu zuciya irin ta Kaleb, mu zauna inda ka sa mu ba da tsoro ba. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.