Shuɗin da ke auna taki

Manomin rani da ke jan ruwa daga tsohon ramin kuza, ya kai kabeji da karas kasuwar Farin Gada a Jos, ya san kuɗin buhun NPK sarai. Amma da wuya ya san yadda ake gane ko gonarsa na ƙishin fosfaras, wato harafin P ɗin nan na jikin buhun.

A ɗakin gwaji, ana jiƙa ƙasar a tace, a zuba wa ruwan sinadarin molibdenum da asid. Sai ƙwayoyin zarra 12 na molibdenum da 40 na oksijin su kewaye ƙwayar fosfaras guda, su dunƙule cikin tsari, kamar yadda mai kayan gwari ke kasa tumatir. Da an ɗiga bitamin C, ruwan ya rine shuɗi. Iya tsananin shuɗin, iya yawan fosfaras.

Berzelius, mutumin Suwidin, shi ya fara bayyana wannan haɗi a 1826. Aka shafe fiye da shekara ɗari ba a san fasalinsa ba, sai a 1933 Keggin ya gano shi a Manchesta da hasken eksire. Murphy da Riley kuwa, da suka daidaita gwajin shuɗin a 1962 a Libaful, ruwan teku suke aunawa. Babu wanda ya yi aikin nan da manomin Filato a ransa, ga shi yau da shi ake duba ƙasar gona.

Abin da ke ci mini rai shi ne, kuzar Jos ita kanta ƙarfe ne haɗe da oksijin. Haka ma kolumbait, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa fitarwa a shekarun 1950, kuma niyobiyam ɗin da ke cikinsa yana yin irin waɗannan dunƙule. Ɗanye muka loda shi a jirgin ƙasa, wasu suka yi nazarinsa.

Jami'ar Jos tana nan Naraguta, kusa da kasuwar. Idan ɗalibinta ya ce a kan nazarin waɗannan dunƙule zai ƙare rayuwarsa, tambayar gida ita ce, "To, me zai kawo?" Ba laifin iyaye ba ne, sun biya kuɗin makaranta da guminsu. Sai dai yaron nan na bukatar wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, da na'urar eksire mai aiki, da albashin da zai hana shi neman biza.